Hattara 'Yan Okada: Fasinja Ma Yana da Ƙugu

Yau maganata da ƙannena 'yan okada ce, waɗanda a gida muke kira 'yan acaɓa. Ba zancen gudu zan yi ba, ba kuma na hular kwano ko na masu yankan tikiti ba, domin waɗannan an sha tattauna su. Zancen kushin ɗin baya zan yi, wato inda fasinja ke zama. Na lura shi ne abu na ƙarshe da ɗan okada ke tunawa a jikin mashin ɗinsa, alhali kuwa in an bi ta ɓarawo, shi ne hajar da ya kasa yake sayarwa.

Mai karatu ya duba da kyau. Fasinja ba inji yake biya ba. Ba ya biyan kuɗin fitilun nan masu walƙiya ja da shuɗi, ko hon mai kukan tirela, ko hotunan 'yan ƙwallo da aka manna a tanki, ko 'yar rediyon da ake ɗaurawa a kan mashin tana ta kiɗa. Abin da yake haya shi ne ɗan wurin nan da bai fi taƙi biyu ba, na minti goma ko ashirin. Mai aski ya san in kujerarsa ta karye ya rasa ciniki. Mai shayi ya san darajar bencinsa. To me ya sa ɗan okada kaɗai zai kashe kuɗi a ko'ina a jikin mashin, ya bar inda kuɗin ke shigowa ya zama kamar turmi?

Ni ba ɗan okada ba ne, fasinja ne. Harkata kan kai ni Bodija da Dugbe da Oja'ba kusan kullum, kuma duk wanda ya san Ibadan ya san akwai lokacin da in ka shiga Micra to ka yi sallama da alƙawarin da ka ɗauka, saboda gosulo. Dole sai okada. Don haka na zauna a bayan mashina iri-iri, tun zamanin Suzuki da Jincheng har zuwa Boxer da TVS da Haojue na yanzu. Abin da zan faɗa jikina ne ya gaya mini, sauran kuma na tsinta a bakin bakanikai da masu ɗinkin kushin. Kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Abu na farko da nake son ɗan uwa ɗan okada ya gane shi ne, mashin ɗin da kake ji a ƙarƙashinka daban yake da wanda fasinjanka ke ji. Kai kana zaune a tsakiya, tsakanin taya biyu, inda girgiza ta fi sauƙi. Shi kuwa yana bisa tayar baya daidai, wani lokacin ma ya ɗan wuce ta. Idan tayar ta faɗa rami, bugun kai tsaye yake hawa ta ƙashin bayansa. Kai kana riƙe da kan mashin, shi ba abin da ya riƙe. Kai ka hango ramin tun daga nesa, ka ɗan ɗaga jikinka a kan ƙafafunka ba tare da ka ma sani ba. Shi ƙeyarka kawai yake gani, sai dai ya ji saukar abu kamar an doke shi da taɓarya. Shi ya sa za ka ga ɗan okada ya wuni yana aiki yana cewa ai mashin ɗina lafiya lau yake, fasinja kuwa ya sauka yana dafe da ƙugu yana salati. Dukkansu gaskiya suka faɗa. Shawarata, ranar da ba ka da aiki, ba abokinka mashin ɗinka ya goya ka, ku bi hanya mai gargada, ku hau tudun Mokola ku gangaro. Jiki magayi.

Bari mu buɗe kushin ɗin mu gani. Abu uku ne kawai: faranti na ƙarfe ko na roba a ƙasa, soso a tsakiya, sai leda a sama. Soso shi ne ran abin, kuma a nan ne mutanenmu suka fi yin kuskure, domin a ganinsu laushi shi ne daɗi. Mai kushin zai danna soso da yatsa ya ce, "Alhaji ka ji laushi kamar burodi," sai a biya. Alhali soso mai laushin burodi shi ne mafi sharri. Da zarar mutum mai nauyi ya zauna sai ya lotse gaba ɗaya, ƙasusuwan zama guda biyu su sauka a kan ƙarfe. Minti biyun farko ana jin daɗi, daga nan sai azaba. Soson da ake so shi ne mai tauri da nauyi a hannu, wanda in ka danna zai tura yatsanka ya dawo da shi. Akwai wanda ake haɗawa daga gutsattsarin soso a matse shi, za ka gan shi da launi barkatai kamar dambu. Irinsa ya dace a shimfiɗa a ƙasa, sa'an nan a ɗora siririn mai laushi a sama. Na ƙasa ya ɗauki nauyi, na sama ya tausasa. Soson katifa da ake yankowa daga tsohuwar katifar ɗaki ba don wannan aiki aka yi shi ba, wata ɗaya ya yi yawa ya mutu.

Soso kuma yana tsufa kamar kowa. Mashin ɗin da ke ɗaukar mutane tun asuba har dare, kwana bakwai a mako, ba za a haɗa shi da na ma'aikacin da ke zuwa ofis ya dawo ba. In ka ga kushin ya yi kwari a tsakiya, ko ka zauna ka ji gefen faranti yana cizon cinya, to soson ya gama aiki, ko da ledar tana ƙyalli.

Sai siffa, wadda ta fi kauri muhimmanci. Mutum a kan ƙasusuwa biyu yake zama, saboda haka faɗi yake buƙata. Kushin mai tudu a tsakiya kamar bayan jaki yana danna inda bai kamata a danna ba, mai shimfiɗaɗɗen sama kuwa yana raba nauyi. Wani abin kuma shi ne gangara. Kushin da yawa in sun tsufa sukan zubo gaba, ta yadda ko birki kaɗan aka taɓa sai fasinja ya zame ya manne da bayan direba. Namiji zai ja baya ya gyara zama, ya sake zamewa, ya sake ja, haka har a isa. Mace fa? Mu da muke da kunya da addini bai kamata sai an yi mana bayani ba. Masu shekaru za su tuna cewa a 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta hana 'yan acaɓa ɗaukar mata a Kano, aka kawo babura masu ƙafa uku da har gobe ake kira A Daidaita Sahu, kuma cakuɗuwar nan ce dalilin da aka bayar. A nan Kurmi ba mai hana ka ɗaukar mace, kuma matan kasuwa su ne rabin cinikinka. Abin da za ka iya shi ne ka sa mai kushin ya daidaita wurin zamanta, ya ɗan tayar da tudu tsakaninka da ita, yadda kowa zai tsaya a inda Allah Ya ajiye shi. Na sha jin samari na raha cewa wasu da gangan suke barin gangarar. Ina fata raha ce kawai. In kuwa da gaske ne, mai yi ya tuna cewa ƙanwarsa ma tana hawa mashin ɗin wani a wani gari.

Maganar leda ba ta da tsawo, amma akwai abu biyu da ke ba ni haushi. Na farko, goge kushin da man sheƙi, wasu ma har da baƙin mai, don ya yi ƙyalli. Ƙyallin nan santsi ne. Ka ɗora mutum mai shadda ko mace mai leshi a kan leda mai santsi, ka kama tudu, ai sai ya riƙa sulalewa baya. Leda mai ɗan kaushi ita ce ta aiki. Na biyu, yagewa. Nan ba Katsina ba ce, damina a ƙasar Yarbawa doguwa ce, ruwa na iya sauka tun Maris har Oktoba. Ƙaramar ɓula ta isa soso ya sha ruwa ya ƙoshi, kuma ba ya bushewa da wuri. Sama ta washe, rana ta fito, ka goge saman kushin da tsumma ka ce "oga hau", mutum ya zauna, soso ya matso ruwan jiya a cikin wandonsa. Ya sauka a bakin banki ko a wurin ɗaurin aure da jiƙaƙƙen baya. Wallahi wannan mutumin ba zai manta fuskarka ba. Maganin kuwa ba wuya: a sa farar leda siririya a lulluɓe soso kafin a ja ta sama, domin ko ba ɓula, ruwa kan shiga ta ramukan ɗinki. Baƙar leda kuma in ta sha rana sai ta zama kamar tanda. In za ka yi fakin ka nemi inuwa, ko ka yafa mata buhu. Akwai wata raga mai kauri da ake sayarwa ana sa wa kushin, tana barin iska ta ratsa, ruwa kuma ba ya kwanciya a kanta. Na zauna a kai, ta yi, sai dai a ɗaure ta tamau kada ita ma ta riƙa yawo.

Yanzu ga inda na san za mu saɓa da wasu. Ƙarin tsawon kushin. Za ka ga an kai mashin wurin mai walda an ƙara ƙarfe, an ja kushin ya haye kan kariya har ya wuce fitilar baya, don a ɗauki mutum biyu, wani lokacin uku. Ni a ganina wannan ba gyara ba ne, ɓarna ce. Wanda ya zauna can ƙurya ya wuce tsakiyar tayar baya, ya zama kamar wanda ke ƙarshen lilo: kowane rami shi zai fi kowa tashi sama. Ga shi ba matakin da zai ɗora ƙafa, domin mataki ɗaya kamfani ya yi wa fasinja a kowane gefe, sai ƙafafunsa su yi ta reto kusa da salansa da cen. Nauyin da ya koma baya kuma yana sa tayar gaba ta yi sakayau, kan mashin ya riƙa rawa, birkin gaba ya rage kamu. A gari mai tuddai irin Ibadan wannan wasa da rai ne. Dokar hanya ta Jihar Legas ta 2012 ta fito ƙarara ta hana ɗaukar fasinja fiye da ɗaya, ta hana ɗaukar mace mai ciki. Mutum na iya ƙin gwamnatin da ta yi dokar, amma wannan gaɓar ba ƙarya a cikinta. Na san amsar da za a ba ni: fasinjojin ne da kansu ke son a haɗa su don kuɗin ya yi sauƙi. Haka ne, mu ma fasinjoji muna da namu laifin, kuma araha ba ta ado. Amma ranar da aka zube, sunan direba ake kira.

Kushin komai kyansa ba zai yi aikin sifirin ba. Waɗannan sanduna biyu na baya da bakanikai ke kira shok, kowanne sifirin ne da kuma bututu mai mai a ciki. Sifirin yana karɓar bugu, man kuma yana hana mashin ci gaba da tsalle bayan bugun. Gwajinsa a tasha ma ana iya yi. Danna bayan mashin da ƙarfi ka saki. In ya taso ya tsaya cak, da sauransa. In ya yi ta sama da ƙasa kamar ɗan maraƙi, ko ka ga mai ya jiƙe jikinsa ƙura ta manne, ya mutu. In za a canza a canza biyun tare, kada a bar sabo da tsoho suna jayayya. A gindin da yawa daga cikinsu akwai wani zobe mai hawa-hawa kamar matakala, wanda ake juyawa don a ƙara wa sifirin ƙarfi ko a rage. Na tambayi samari da dama, wasu shekara biyu suna kan mashin ba su san amfaninsa ba. Wanda kullum yake da goyo yana buƙatar ya ɗan ƙara, don kada sifirin ya riƙa ƙurewa yana buga ƙarfe da ƙarfe, kuma hagu da dama su zama a mataki ɗaya. Akwai kuma masu wuce gona da iri, su ƙara shok har huɗu saboda ɗaukar buhunan albasa da kwandunan tumatir daga kasuwa. Wannan mashin ɗin ya zama na kaya. In ka ɗora masa ɗalibar da ba ta da nauyi, sifirin ba zai ko motsa ba, tamkar a kan amalanke take.

Haka iskar taya. Akwai masu cika tayar baya tam har ta zama dutse, wai don mashin ya yi gudu ya rage shan mai, mai faci kuma ya ƙwanƙwasa da sifana ya ce ta yi. Taya ita ce ta fara karɓar bugu kafin sifirin. Kamfani ya rubuta adadin iskar da ta dace a littafin mashin, na mutum ɗaya daban, na mai goyo daban. A nemi mai facin da ke da geji mai aiki.

Sai ƙananan abubuwan da ba a ɗauka a bakin komai. Matakin ƙafa: in ya karye ko robarsa ta cire, fasinja ba shi da inda zai taka ya rage wa mazauninsa nauyi, kuma takalmin roba a kan ƙarfe mai laima zamewa yake. Murfin salansa: mata nawa ne a garin nan ke yawo da tabon ƙuna a ƙwauri na dama? Yarbawa da Hausawa duka, har ya zama kamar shaidar zama ɗan birni. Ɗan faranti ne da noti biyu ke hana wannan. Abin riƙewa: fasinjan da ba ya son rungumar direba dole ya sami ƙarfen da zai kama a baya ko a gefe, ba mai kaifi ba, ba kuma wanda aka naɗe da igiyar roba mai datti ba.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne bakin zane da hijabi da babbar riga kusa da tayar baya. In taya ta kama tufa, ba ta tambaya, fizgo mutum take yi ƙasa ta wuya. Abin sha'awa, ƙasar Indiya, inda ake ƙera Bajaj da TVS ɗin da muke hawa, matansu ma masu dogayen tufafi ne, kuma dokar ababen hawa ta ƙasar ta wajabta wa mashin abu uku saboda fasinja: abin riƙewa, matakin ƙafa, da kuma shingen da zai rufe aƙalla rabin tayar baya don kada tufa ta shiga. Mu da matanmu ke sa hijabi har ƙasa, mun fi kowa buƙatar wannan shingen. Amma sai ka ga wanda mashin ɗinsa ya zo da shi ya kwance ya jefar, wai yana ɓata wa mashin kyau. Wanda ba shi da shi, kowane mai walda zai iya lanƙwasa masa da 'yan sandunan ƙarfe. Kafin a yi wannan, ko buɗe baki ka ce "Hajiya tattara hijabinki" sadaka ce.

Wani lokacin nakan yi mamakinmu. Mu fa jikokin mahaya ne. Kakanninmu ba su taɓa ɗora sirdi a kan doki haka kawai ba. Sai an sa zubka a ƙasa don kada bayan doki ya yi miki, a ja majayi daidai, a shimfiɗa jalala a sama, a auna tsawon likkafa da ƙafar mahayi. Akwai gidajen da sana'arsu ke nan kaka da kakanni a Kano da Katsina da Zazzau. Mutanen da suka san wannan duka saboda dabba da mahayinta, yau jikansu ya kasa bambance soson kirki da na banza. Har ma na ji cewa masu doguwar tafiya a kan manyan babura a Amurka da Ostareliya buzun tunkiya suke shimfiɗawa a kan kushin saboda yana hana zafi da gumi. Buzu! Abin da malamanmu ke zama a kai tun fil azal. Ban ce a sa shi a okada a nan ba, domin ruwan Ibadan zai mai da shi abin toshe hanci cikin mako guda. Na kawo shi ne don a san cewa ilimin zama ba baƙonmu ba ne.

Rabin daɗin zama kuma a hannun direba yake. Fizgar mashin a tashi, sakin kuloci gaba ɗaya, cafke birki a kan hancin mota, hawa tudun rage gudu ba tare da sassautawa ba, duk a jikin na baya suke ƙarewa. Akwai wani dattijo a tashar da nake hawa, mashin ɗinsa ya fi na kowa tsufa, amma mata masu goyo da tsofaffi sukan tsaya su jira shi ko da samari biyar na layi. Ba ya gudu, yana kauce wa rami, in ba makawa sai ya ce "a riƙe". Kuma ba ya tashi sai ya waiwaya ya ga an zauna daidai. Samarin suna masa tsiya cewa asiri yake da shi.

To, na san abin da ke ran ƙanena mai karanta wannan. Zai ce, Malam kana magana kamar ba ka san halin da ake ciki ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin fetur ya ninka ya sake ninkawa. Ga balas na mai mashin kullum, ga tikiti a kowace mahaɗa, ga abinci, ga na aikawa gida, wasu ma a kan mashin ɗin suke kwana. Wa ke da kuɗin soso? Wannan magana ce mai nauyi kuma ban raina ta ba. Amma a duba lissafin da kyau. Sauya soso da leda abu ne na lokaci guda da zai yi watanni yana aiki, kuma ba ya kai abin da wasu ke kashewa a kan kwalliya da sauti. Juya zoben sifirin kyauta ne. Rage iska kyauta ne. Daina shafa man sheƙi ma ragin kashe kuɗi ne. Kuma kushin ɗin nan guda ɗaya ne, rabinsa na gaba kai ne a kai awa goma ko fiye. Ciwon bayan da ke sa samari shan ƙwayoyin kashe zafi da jiƙe-jiƙen kwalba da yamma, wani kasonsa daga nan yake. In mashin ba naka ba ne, to maganata ta koma kan masu bayar da mashin balas, waɗanda da yawansu manyanmu ne a Sabo da sauran unguwanni. Alhaji, kai ke karɓar kuɗi kowace yamma. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Dalilin da ya sa na ɗauki abin da zafi ya wuce ƙugu. Sana'ar nan a kan siraɗi take. An kore ta daga tsakiyar Abuja a 2006. An hana babura a Maiduguri a 2011, aka hana acaɓa a Kano a farkon 2013, kuma wannan na cikin abin da ya kwararo da samarinmu Kudu. A Legas, dokar Fashola ta 2012 ta hana okada bin hanyoyi 475. Sanwo-Olu ya ƙara a Fabrairun 2020, abin da ya durƙusar har da kamfanoni irin su Gokada da suka shigo da manyan mashina da hulunan kwano. Ranar 1 ga Yunin 2022 aka sake hanawa a Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Lagos Island da Lagos Mainland, a Satumba aka haɗa da Mushin da Oshodi-Isolo da Shomolu da Kosofe. Mun ga yadda aka riƙa niƙe mashinan da aka kama. Ban ce kushin ne ya jawo wannan ba, dalilan da aka bayar haɗurra ne da tsaro. Amma gwamna ba ya hana abin da jama'a ke so sai ya shirya fuskantar fushinsu. Lokacin da aka hana a Ikko, mutane da yawa da ke hawa okada kullum ba su ce uffan ba, wasu ma murna suka yi, domin hawan dole suke yi, ba su taɓa sauka da daɗin rai ba. A Ibadan har yanzu ana aiki. Ranar da maganar hanawa ta taso a nan, waɗanda za su tsaya mana ko su juya baya su ne matan Bodija da ma'aikata da ɗaliban da muke ɗauka yau.

Kuma mu baƙi ne, ko da an haifi kakan wani a Sabo, unguwar da ta haura shekara ɗari da kafuwa. In ɗan gari ya jiƙa wa mutum wando, za a ce wane ba shi da kirki. In namu ne, za a ce "aboki" ne, a haɗa da ni da kai da mai goro da mai canji. Wake ɗaya ke ɓata gari. Wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021 ya san cewa daga ƙaramar cacar baki wuta kan tashi, kuma ba ta tambayar wa ya fara. Sau nawa rigimar fasinja da ɗan okada ke farawa daga "ka ƙona mini ƙafa" ko "ka ɓata mini kaya, ba zan biya ba"?

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar gwamnati. Kowace tasha tana da shugaba, kuma ana tara kuɗi don suna da jinya da belin wanda aka kama. A ware rana ɗaya a wata, ko bayan sallar Juma'a ne, shugaba da dattawa biyu su bi mashinan layi ɗaya bayan ɗaya: su danna kushin, su duba ɓula, su taka mataki, su duba murfin salansa da shingen taya, su danna baya su ga sifirin. Wanda nasa ya gaza a ba shi mako biyu. A yi magana da mai kushin guda ɗaya a Gate ko a unguwa, a ce masa mashin ashirin za mu kawo maka, ka yi mana ragi, kuma ka nuna mana soson kafin ka rufe shi, domin bayan an ja leda an buga ƙusa ba mai sanin abin da ke ciki. Wanda ba shi da kuɗi a lokaci guda a sa shi a adashi, mutum biyu ko uku su gyara kowane mako har layin ya zagayo. Masu mashinan balas kuma a aika musu cewa kuɗin kushin daga balas ɗin ranar za a cire, in ya so Sarkin Hausawan unguwa ya shiga tsakani idan wani ya ƙi.